Tukunyar Muntaka da Man Tsaure

A layin masu walda na Karaye, in an wuce mai facin taya, akwai wata rumfar kwano da bokitai da mazurarai suke rataye a bakinta. Rumfar Muntaka ke nan. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, idonsa na hagu ya ɗan ƙanƙance saboda daɗewar da ya yi yana kallon wutar walda. A ƙauyen Turawa aka haife shi, gidan manoma gyaɗa. Tun yana yaro gyaran fartanya ya fi masa daɗi a kan noma da ita. In an tafi gona, sai a same shi a inuwa yana ɗaure ƙotar da ta yi sako-sako, 'yan'uwansa kuwa sun yi nisa a kunya. Da mahaifinsa ya gaji da faɗa, sai ya kama hannunsa ya kawo shi Karaye wurin wani mai ƙera gwangwani, ya ce, "Ga shi nan, ƙarfe yake so, ku ba shi."

A nan ya koyi yanka gwangwani da liƙi da dalma, ya iya fitila da mazurari da akwatin ƙarfe. Da walda ta shigo gari ya koye ta, ya kafa rumfarsa, ya auri Saude.

Aikinsa yana da kyau, amma ba da shi aka fi saninsa ba. Abin da kowa ya sani shi ne Muntaka bai iya hana mutum abu ba. Ka zo aron guduma, "ba komai". Ka zo a liƙe maka bokiti ana tsakiyar wani aiki, "ba komai". Saude takan ce tsanin gidansu ya kwana a kowane gida a unguwar, nasu ne kawai bai sani ba. Shi kuma sai ya yi dariya ya ce ai tsani ba ya ɓata, tsawonsa ne zai tona shi.

'Yarsu ta biyu ita ce Sadiƙa. Sunan mahaifiyarsa aka sa mata, don haka bai taɓa kiran sunan ba, Uwata yake ce mata. Yarinya ce mai shiru, mai naci a karatu, har Allah ya kai ta jami'a a Kano tana koyon aikin likitan haƙori. Ranar da ta fara zuwa gida da farar riga a jaka, Muntaka ya sa an ciro ta, ya juya ta gaba da baya, ya ce ɗinkin aljihun bai yi ƙarfi ba. Wannan ita ce irin murnarsa.

A shekararta ta ƙarshe, cikin damina, ta dawo hutu ta same shi a tsakar gida bayan la'asar, ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce akwai aikin da take so ya yi mata.

"Wane iri, Uwata? Akwati ko gado?"

"Tukunya, Baba."

Ta yi masa bayani a hankali. Ta ce in kogo ya ci haƙori har ya kai ciki, jijiyar takan mutu, ƙwayoyin cuta su tare a wata siririyar hanya da take bi ta cikin saiwar. Da can cirewa kawai ake yi. Yanzu kuwa likita yakan huda haƙorin, ya bi hanyar nan da wasu ƙarafa masu kama da allura ya kankare ta, ya wanke da magani, sannan ya cike ya toshe, haƙori ya zauna a wurinsa.

"Bututu ne ya toshe ke nan," in ji Muntaka. "A zuge shi, a wanke, a liƙe."

"Kusan haka. To maganin wankin yana da ƙarfi ƙwarai, in ya zarce saiwa yana ƙona nama. Kuma akwai ƙwayoyin cuta masu taurin kai da sukan ɓuya su tsira. Shi ya sa masana suke gwada man da ake samu a tsirrai masu ƙamshi, ko akwai wanda zai taimaka. Kowannenmu sai ya yi bincike ɗaya kafin a sallame shi. Wasu sun ɗauki kanumfari, wasu ɗaɗɗoya. Ni na ɗauki tsaure."

Tsaure ciyawa ce doguwa mai ƙamshi da ake yin zana da ita. Sadiƙa ta san ƙamshinta tun tana ƙarama, a rugar Sulle da ke wajen Beli a ƙasar Rogo. Sulle Bafulatani ne, aminin Muntaka tun suna samari. Shanun Muntaka guda biyu a garkensa suke, bokitan tatsar rugar kuma duk daga rumfar Muntaka suka fito. Muntaka yana kiransa Arɗo ko da yake ba a taɓa naɗa shi komai ba, shi kuma Kaɗo yake ce masa.

Matsalar ita ce tukunyar gilashin da ake tatsar mai da ita a makaranta ƙarama ce, ga ɗalibai da yawa suna jira, tsaure kuma mansa kaɗan ne. Malaminta ya yarda ta tatso a gida, in dai za a yi da tsabta kuma su duba shi in ya zo. Ta zana wa mahaifinta abin a ƙasa da tsinke: ruwa a ƙasa, ciyawa a sama a kan faranti mai huji, tururi ya ratsa ta ya ɗebo man, ya bi bututu, bututun ya ratsa ruwan sanyi, ya ɗigo a kwalba.

Saude da ke tankaɗe a gefe ta leƙo ta ce, "Yo wannan ai madambaci ne aka yi wa hanci."

Muntaka ya yi ta dariya har da tari. Daga ranar kuwa ya daina kwana da wani tunani sai na tukunyar. Ya so ya yi amfani da bututun tsohon firiji, Sadiƙa ta ce a'a, sabo za a nemo. Ya ɗauko dalma zai yi liƙi, ta ce dalma guba ce, kada ta taɓa inda tururi zai bi. Bai yi musu ba, ya sake dabara. Ya naɗe bututun kamar gammo ya zura shi cikin randa, ya kafa komai a kangon da ke jikin gidansa. Bakin murfin kuwa Saude ce ta liƙe shi da tsumma da ƙullu, yadda take yi in za ta turara dambu. Sau biyu tururi yana tserewa ta gefe, a karo na uku ruwa ya fara ɗiga a kwalba, da wani ɗan maiƙo rawaya yana yawo a samansa.

Sulle ne yake kawo ciyawar, ɗanya, dami-dami a bayan babur, duk ranar kasuwa. Da ya ga abin da aka samu daga dami guda, wanda Sadiƙa ta zuƙe da sirinji bai cika cokalin shayi ba, sai ya riƙe haɓa.

"Kaɗo, wannan uban kayan da na ɗauko, wannan ne ya fito? Gara tatsar bunsuru."

"Kai dai kawo ciyawa, Arɗo. Ilimi ne, ba na makiyaya ba."

"Na maƙera ne ke nan?"

Hutu ya ƙare, Sadiƙa ta koma Kano. Ta bar masa wata 'yar kwalba mai duhu, ta koya masa zuƙo man da sirinji, ta ce ya riƙa tarawa, ya ajiye a inuwa, za ta zo ta ɗauka.

To, kango babu rufi, katangarsa kuma gajeriya ce. Masu wucewa suna ganin hayaƙi da randa da bututu da kwalba. Ɗantala mai shayi, wanda ya taɓa zama a kudu, ya leƙa wata rana, ya koma teburinsa ya ce shi dai ba ya son shiga maganar mutane, amma ya taɓa ganin irin tukunyar nan a can, kuma abin da yake ɗigowa daga cikinta Musulmi ba ya sha. Kafin a jima magana ta zaga unguwa. Wata rana bayan sallar la'asar mai unguwa ya tsayar da Muntaka a ƙofar masallaci, mutane ba su watse ba.

"Malam Muntaka, mun san ka, mun san gidanku. Amma ana ta magana. Me ake dafawa a kangon nan?"

Muntaka ba mutumin jawabi ba ne. Ya nemi bayanin nan na jijiya da saiwa da ƙwayoyin cuta, ya tarar duk ya watse daga kansa. Ga idanu a kansa, gumi ya karyo masa. Sai ya ce, "Ranka ya daɗe, maganin haƙori ne. Na 'yata ne, likita."

Aka ɗunguma aka je kango, kowa ya shinshina kwalba, aka ji ƙamshin ciyawa. Mai unguwa ya sa albarka, ya juya ya yi wa Ɗantala faɗa. Muntaka ya koma gida yana jin an sauke masa kaya.

Washegari da safe wanda ya fara sallama shi ne Ɗantala, da 'yar auduga a kan tsinke.

"Malam Muntaka, a yafe mini, sharrin baki ne. Wallahi akwai wani turmin haƙori nan da ya hana ni sakat. Ɗigo ɗaya kawai."

Mutumin da ya zo neman gafara, ta yaya za a hana shi ɗigo ɗaya? "Ba komai," in ji Muntaka.

Bayan Ɗantala sai ladan. Bayan ladan sai wata tsohuwa ƙawar marigayiya mahaifiyarsa, wadda ta goya shi yana jariri, ta kuma tuna masa da hakan tun daga zaure. Sai wani direba, sai surukin mai faci wanda ya taso tun daga Turawa. Kowa ɗigo ɗaya. Muntaka yakan ɗaga kwalbar ya duba, ya ce a ransa dami mai zuwa zai mayar. Saude ta yi magana sau ɗaya, ta yi sau biyu, ya ce mata yarinyar nan ai don mutane take karatun.

Ranar da Sadiƙa ta zo ɗauka, ya miƙa mata kwalbar yana kallon wani wuri. Ta ɗaga ta a haske. Abin da ya rage ɗan kaɗan ne a gindi. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Sannu da ƙoƙari, Baba," ta shiga ɗaki.

Saude ce ta fito bayan wani lokaci ta tsaya a kansa.

"Malam, kuka take yi. Ka san abin da ka yi? In man nan bai isa ba, sai dai ta jira wata daminar. 'Yan ajinsu su fita, ita tana zaune. Tsani ka bayar na yi shiru, baro ka bayar na yi shiru. Wannan shekarar 'yarka ce ka raba wa mutane a tsinke."

Suna cikin haka aka yi sallama, sai ga Ɗantala riƙe da kunci. Ashe ɗigo ɗaya bai ishe shi ba, ya dawo ya ƙara, ya jiƙa auduga sharkaf ya danna ya bar ta a wurin. Dasashinsa ya yi fari ya saluɓe, ko shayin da yake sayarwa ba ya iya kurɓa. Sadiƙa ta share ido ta fito ta duba shi, ta ce ya riƙa kurkure baki da ruwan gishiri mai ɗumi, gobe kuma ya je asibiti a duba turmin, don kogon yana nan yadda yake.

Da ya tafi ta zauna a gefen tabarmar mahaifinta.

"Baba, man nan ko a farantin gwaji ban gwada shi ba tukuna. Ban san ko yana kashe ƙwayoyin ba, ban san yawan da zai ƙona mutum ba. Abin da zan bincika ke nan. Ko ya yi aiki ma, a cikin saiwa ake nufin a sa shi, bayan likita ya wanke, ba a kan nama ba."

"Na ji, Uwata."

Ta ɗauko baƙin zare ta ɗaura a jikin kwalbar, sama da rabi kaɗan. Ta ce gwajin sai an maimaita shi, da mai kauri da wanda aka tsarma, in bai kai zaren nan ba malaminta ba zai karɓa ba. Da safe ta koma Kano.

Damina kuwa ta riga ta juya baya. Tsaure ya fara bushewa, masu zana sun shiga yanka, shanu sun tattake saura. Muntaka ya daina ajiye kwalbar a kango, ya kulle ta a akwatin Saude. In an yi sallama sai ya ce a ce ba ya nan, ya zauna a ɗaki yana jin kunyar kansa, domin ɓuya ya fi masa sauƙi a kan ya dubi mutum ya hana shi. Sulle ya riƙa nisa yana nemo ɗanyar ciyawa, damin yana ƙanƙancewa, man yana hawa a hankali.

Wata ranar kasuwa Sulle ya iso da hantsi, ya sauke dami biyu a kango, ya ce, "Daga wannan babu. Can ƙasan fadama na samo, inda ruwa bai janye ba. Ko tsinke ban bari ba."

Ya naɗe fuskarsa da rawani har hanci, bai yi tsokanar da ya saba ba. Muntaka ya lura, amma hankalinsa yana kan wuta. Suka zauna suna jiran tururi, Sulle yana canza ruwan randa in ya yi ɗumi. Wajen azahar ɗigon ya tsaya. Muntaka ya karɓo kwalbar daga wurin Saude, ya zuƙo man a hankali ya zuba, ya ɗaga ta a rana. Man ya taɓa zaren. Bai wuce ba ko da kaurin farce.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "Arɗo, zo ka gani."

Sulle bai taso ba. Sai ya sa hannu ya warware rawanin. Kuncinsa na dama ya kumbura ya yi sheƙi, har idon ya fara rufewa.

"Subhanallahi! Tun yaushe?"

"Ya kwana biyu. Da yana yi yana bari. Yanzu ko fura ba na iya sha ta nan." Ya ciro 'yar auduga daga aljihu. "Kaɗo, ɗiga mini."

A cikin gida Saude tana daka. Sai aka ji taɓarya ta tsaya.

Muntaka ya dubi audugar, ya dubi zaren. Bakinsa har ya buɗe da kalmar da ya saba. Wannan mutumin ne ya kwana a kan saniyarsa lokacin da haihuwa ta zo mata da gardama. Shi ne ya riƙe masa kan makara ranar da aka kai mahaifiyarsa. Kuma kowane ɗigo da ke cikin kwalbar nan da laujensa aka yanko shi.

"Arɗo," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa, "ba zan ba ka ba."

Sulle ya yi 'yar dariya ta gefen baki, ya ƙara miƙo audugar. "Bar wasa, ciwo nake ji."

"Ba wasa nake ba."

"Ka bai wa mai shayi."

"Na ba shi."

"Wanda ya ce giya kake dafawa, shi ka ba. Ni da na shiga ruwa har gwiwa da wannan kuncin, ni ne za ka hana?"

"Na mai shayi ƙona shi ya yi. Kuma in na taɓa, ya sauka daga zaren. Na yarinyar nan ne, Arɗo. Ba nawa ba ne."

Sulle ya dube shi kamar yau ya fara ganinsa. Ya mayar da audugar aljihu, ya naɗe rawaninsa, ya ɗauki sandarsa. Furar da Saude ta aiko masa tana nan a rufe, bai taɓa ba. Ya fita bai yi sallama ba.

Muntaka ya zauna a kan dutse. Saude ta leƙo ta ƙofar kango.

"Ka yi daidai, Malam."

"Daidai ɗin ke nan? Mutum ya fita daga gidana da ciwo?"

"To zama za ka yi? Kumburin nan ba na wasa ba ne. Tashi ka bi shi."

Ya naɗe kwalbar a tsumma, ya sa a aljihun 'yar ciki, ya zura riga. Ya bi ta rumfa ya ce wa mai faci ya sa masa ido, ga masu bokiti suna jira ranar kasuwa, ya wuce su. A tasha ya sami Sulle zaune a benci yana jiran babur mai zuwa Rogo. Ya zauna kusa da shi. Sulle ya matsa. Shi ma ya matsa.

"Mu je Kano," in ji Muntaka.

"Su cire mini? Babana da haƙoransa cif aka binne shi."

"Ba lallai su cire ba. Hudawa suke, su zuge ciki, su wanke, su liƙe. Kamar bututu. 'Yarka tana wurin, ita za ta tsaya a kanka."

"Ka hana ni ɗigo, kuma in bi ka Kano. Kai ka ji kanka?"

Muntaka ya murza hularsa. Can ya ce, "To ka raka ni don Allah. Kwalbar tana jikina. In na kai yamma a garin nan wani zai tare ni, kuma wallahi ban sani ba ko zan iya faɗar maganar nan sau biyu a rana ɗaya. Ko a mota wani ya ji ƙamshi ya tambaya, shi ke nan. Kai ne mai sanda."

Sulle ya juyo da lafiyayyen idonsa ya kalle shi. Kafaɗarsa ta fara motsi, ya dafe kunci, don dariyar tana ƙara masa zafi.

"Kai dai an yi ragon Kaɗo. Tashi mu je, kafin ka sayar da yarinya a hanya."

A mota kuwa sai da wata mata ta ce wane ne ya shafa turare mai daɗi haka. Muntaka ya buɗe baki, Sulle ya taka masa ƙafa.

Sun isa asibitin da Sadiƙa take koyon aiki rana ta yi sanyi. Ta fito da farar rigarta, ta durƙusa a barandar nan gaban mutane ta gaishe su, Baba da Baffa. Da ta ga fuskar Sulle ba ta ko tambayi kwalba ba, ta wuce da shi wurin malaminta. Aka ce ruwa ne ya taru a gindin saiwa, da ya ƙara kwanaki da abin ya yi muni. Aka yi masa allura, aka huda turmin aka fitar da ruwan, aka ba shi magani, aka ce sai ya dawo an ƙarasa. Muntaka yana daga bakin ƙofa yana leƙen ƙananan ƙarafan nan da ke jere a faranti, yana mamakin wanda ya ƙera su.

Sai da aka gama sannan ya ciro tsumman ya miƙa mata. Ta warware, ta ɗaga kwalbar saitin taga, ta karkata kai.

"Ya kai, Baba."

"Ba a taɓa ba," in ji shi.

"Ni shaida ne," in ji Sulle da leɓensa da allura ta kashe. "Ko ni ya hana."

Sadiƙa ta dubi mahaifinta, ta dubi Sulle, ta sunkuyar da kai. Ta riƙe kwalbar da hannu biyu ta shiga da ita ciki.

Sulle ya koma Kano har aka gama aikin, kowane zuwa yana mita a kan mota da ƙarar injin huda. Turmin yana nan a bakinsa. Da maganin asibiti aka wanke shi, ba da tsaure ba, kuma wannan bai yi masa daɗi ba.

Bayan an gama girbin dawa Sadiƙa ta zo gida. Ranar kasuwa ce, ta sami su biyun a rumfa, Sulle yana cin gyaɗa ta gefen da aka gyara don kowa ya gani. Ta gaya musu an karɓi bincikenta, da 'yan ajinsu za ta fita. Sannan ta buɗe waya ta nuna musu hoton wani farantin gilashi. Ta ce duhun nan da ya rufe farantin ƙwayoyin cuta ne, irin masu ɓuya a saiwar haƙori. Inda aka ga fili ya zagaye ɗigo, nan ne suka kasa tsirowa.

"Wannan babban filin nawa ne," in ji Sulle.

"A'a, Baffa, wannan na maganin asibiti ne. Naka ga shi nan a gefe."

Filin tsauren bai kai wancan ba, amma yana nan, zagayayye, fes. Ta ce malaminta ya ce abin a ci gaba da bincike ne, kuma da sauran tafiya mai nisa kafin a sa shi a bakin mutum, in ma za a sa.

Muntaka ya goge hannunsa a riga ya karɓi wayar. Ya kai ta kusa da idonsa mai kyau, ya ɗora farcen babban yatsa a kan filin yana aunawa.

"Wannan ai ba ƙarami ba ne," in ji shi. "Tukunyar ta yi aiki."

"Tukunya?" in ji Sulle. "Ciyawa dai. Ka zuba harawa a tukunyar taka mu ga filin da za ta yi."

"Ka tauna ciyawar taka ɗanya mu gani."

Mai faci ya baro tayarsa ya zo kallo, masu jiran bokiti suka matso, wayar ta riƙa yawo daga hannu zuwa hannu. Sulle ya tashi tsaye yana nuna wa kowa wane fili ne na Beli, ya kuma ce lallai a tura hoton wayar babban ɗansa, don mutanen ruga ba za su yarda da baki ba. Muntaka ya koma kan bokitin da yake liƙewa, ya sauke gilashin walda a fuskarsa. Ya daɗe a haka bai kunna wuta ba, yana sauraron 'yarsa tana yi wa mutanen layin bayanin saiwar haƙori.